Yarinyata ta iya jifan fica amma jifa zuwa bes na farko ya gagare ta, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum koci. Muna zaune a Amurka, ɗiyata shekararta 11 tana wasan sofbol, wanda ake buga ƙwallo da sanda kamar besbol, a ƙungiyar unguwa, ita ce fica wato mai jefo wa masu sanda ƙwallo. Wajen wannan jifan ba ta da matsala, amma da zarar an bugo ƙwallon ta dawo hannunta aka ce ta cilla wa mai tsaron bes na farko, wato matsaya ta farko da mai sanda ke rugawa ta taka bayan ta buga ƙwallo, shikenan, ko ta wuce kan yarinyar ko ta dunguri ƙasa. Yanzu har tsoro take ji a bugo mata. Dan Allah me zan yi mata, ko dai in ce a canza mata waje?

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya mana ita. Kada a canza mata waje tukuna, wannan abin da kika faɗa kusan duk yarinyar da ta tsaya a tsakiyar filin nan sai ta sha shi, kuma yawanci ba hannu ba ne ke da laifi, ƙafa ce da gaggawa.

Ki duba yadda ranar atisayenta ke tafiya. Za ta yi ta jifan ƙasa-ƙasa irin na fica, hannu ya zagayo kamar fanka ya saki ƙwallo a gefen cinya, ta yi ta yi har ta gaji, amma jifan sama daga wannan wajen zuwa bes na farko sau nawa ake sa ta ta yi? Wasu ƙungiyoyin ko sau ɗaya ba a yi, an ɗauka ai abu ne mai sauƙi. To ranar wasa sai ga shi a cikin daƙiƙa ɗaya ana so jikinta ya bar wancan salon ya koma wannan, ga mai gudu ta taho, ga iyaye na ihu. Sannan akwai wani abu da ya dace da shekarunta, ƴan 10 zuwa ƙasa suna wasa da ƙwallo mai zagayen inci 11 kuma fica na tsayawa ƙafa 35 daga mai sanda, da an shiga rukunin ƴan 11 da 12 sai ƙwallon ta koma inci 12 tazarar ta koma ƙafa 40. In bana ta hau wannan rukunin to ƙwallon ma baƙuwa ce a hannunta, ta yi mata girma, yatsu biyu ba za su riƙe ta da kyau ba. Ki ce ta sa uku a sama, su gitta ɗinkin nan mai kama da kofaton doki, babban yatsa a ƙasa, kuma kada ta cusa ƙwallon can cikin tafin hannu.

Sai maganar lokaci, wanda nan ne yara ke ruɗewa. Daga inda mai sanda take zuwa bes na farko ƙafa 60 ne, manyan ƴan wasa masu shegen gudu ma sai sun ci wajen daƙiƙa 3 kafin su kai, balle ƴan shekara 11. Ita kuma daga tsakiyar da'irar da take tsayawa ta yi jifa zuwa bes ɗin ƙafa 42 ne da ɗoriya, wajen mita 13, kuma ƙwallon da aka bugo mata kai tsaye tana shiga hannunta tun mai gudu ba ta yi nisa ba. Kinga ashe tana da sarari ta miƙe, ta gyara tsayuwa, ta duba, ta jefa. Amma a ranta gani take yarinyar ta riga ta kai, sai ta cilla ƙafafu na kallon wani waje jiki na kallon wani waje, sauri ya haifi nawa. Ki ɗauki wayarki ki danna agogo ki nuna mata da idonta, a sa wata ta yi gudun ita kuma ta jefa a natse, in ta ga ƙwallon ta riga mai gudu da taku huɗu ko biyar hankalinta zai fara kwanciya fiye da duk wa'azin da za ki yi mata a mota.

Ƙafar kuwa ga yadda take in badama ce. Tana fuskantar mai sanda bes na farko na hagunta, wato kafaɗar hagu ta riga ta kusa kallon inda ake so. Ta kama ƙwallo da hannu biyu ta jawo ta ƙirji, ƙafar dama ta dasa ta a gicciye yadda cikin idon sawun zai kalli bes, ƙafar hagu ta taka kai tsaye zuwa wajen, sannan hannu ya biyo. Dama, hagu, jifa, ta riƙa faɗa a baki har ya zauna. In bahaguwa ce aikinta ya ɗan fi yawa don sai ta juyo jiki gaba ɗaya kafin kafaɗar dama ta kalli bes, ba komai, lokacin zai isa.

Ki lura da inda ƙwallon ke zuwa don shi zai gaya miki ciwon. In sama take tashi, galibi ta saki gwiwar hannu ta yi ƙasa yatsun suka koma ƙarƙashin ƙwallo, ko kuma ta rage ƙarfi tana lallaɓawa kamar mai miƙa ɗanyen ƙwai. Wannan lallaɓawar wallahi ta fi komai ɓata jifa, saboda wajen kusa ne sai yaro ya ji tsoron ya yi da ƙarfi, hannu ya tsaya a rabin hanya ƙwallo ta kuɓuce. Gara ta yi jifa na gaske da ƙarfinta na yau da kullum, hannun ya ƙarasa har gefen cinyar hagu. In kuma ƙasa take dunguri to ta damƙe ƙwallon da yawa ne ta makara wajen saki. Ni dai in za a yi kuskure na fi son na ƙasa, wadda ke tsaron bes za ta iya tarewa ko ta kwashe ta bayan ta yi tsalle ɗaya, amma wadda ta haye kai ta fice daga fili alƙalin wasa bes biyu zai ba masu gudu kyauta. Saboda haka ƙirjin abokiyarta za ta riƙa nufa ba fuska ba.

Bant daban ne, wato lokacin da mai sanda ba ta buga ba sai dai ta tara sandar ƙwallo ta faɗi nan gaba tana gangarawa. A nan kam lokaci ya yi ƙaranci. In ƙwallon ta tsaya cak ta ɗauka da tsiraran hannu, ta ɗan danna ta ƙasa kafin ta ɗago don ta samu riƙo, in tana mirginawa ta kwashe da safar hannu da ɗayan hannun tare, kuma tun kafin ta sunkuya ƙafafunta su riga su jeru zuwa bes, ba sai ta ɗauka sannan ta fara neman hanya ba. Ta jefa ta cikin fili, gefen farin bes, don in akwai bes mai haɗe biyu fari da ruwan lemo, na lemon na mai gudu ne, jifa ta bi layin sai ta bugi bayan yarinyar mutane. Ta kuma sani cewa wajen bant sau da yawa mai tsaron bes na farko ta rugo gaba ita ma, ta bes na biyu ce ke zagayowa ta karɓa, to ta ɗaga ido ta ga wa ke wurin kafin ta saki. Kuma ba kowace ƙwallo ce tata ba, in mai cafe ƙwallo a bayan mai sanda ta kira mai tsaron bes na uku ta ɗauka sai ɗiyarki ta kauce.

In gudu ya kai ta dab da bes, taku biyar ko shida, ba jifan sama za ta yi ba, miƙawa za ta yi ta ƙasa. Ta fito da ƙwallon daga safa a ganta, wuyan hannu a sandare, ta tura ta bi ta da taku. Ficoci na da halin murza wuyan hannu a nan saboda sabo, sai ƙwallo ta tashi da gudun da ba wanda zai iya kamawa daga nan kusa.

Atisayen ba wani dogo ba ne, amma a haɗa shi da jifan fica kada a raba su. Ta yi jifanta na gaske, ke ko babanta ku mirgino mata wata ƙwallon nan take, wani lokaci dama wani lokaci hagu wani lokaci gajeriya, ta kama ta jefa wa mutum ko raga da aka ɗaura wa ƙyalle daidai tsayin ƙirji. Guda 10 zuwa 15 a ƙarshen kowane atisaye sun isa, a fara a hankali, in ya zauna a sa mai gudu. Ta sa abin kare fuskar nan na ƙarfe, don wani tsoron ma na ƙwallon da ke dawowa ne ba na jifan ba.

Batun tsoron kuma ki bi shi a sannu. Jon Lester, babban fica ne na besbol da ya ci World Series, wato babban kofin besbol na Amurka, da ƙungiyar Chicago Cubs a 2016, lokacin da yake wasa duk Amurka an san jifa zuwa bes na farko na ba shi wahala, ki ba ta labarinsa ta san ba ita kaɗai ba ce. In ta ɓata jifa a wasa kada a ɗaga murya daga wajen zama ana "ki natsu, ki natsu", ƙara rikita ta yake yi, a bari sai gobe a fili. Amma fa in ta ce kafaɗa ko gwiwar hannu na mata ciwo lokacin jifan sama, a dakatar da atisayen a kai ta likita ya duba kafin a ci gaba.