Me ake nufi da "formative", kuma yaya za a faɗe ta da Hausa?

Wata malamar firamare daga Funtuwa ta rubuto cewa sau biyu ta yi karo da kalmar Turancin nan "formative" a mako guda. A wajen bita an ce musu su riƙa yin "formative assessment", sannan a wani rubutu kan renon yara ta ga "formative years". Tana so ta san asalin kalmar, da kuma ko Hausa na da kalma ɗaya da za ta maye gurbinta.

Malama, bari in fara da tambayarki ta biyu. Ban san kalma ɗaya tilo da za ta ɗauke duka nauyinta ba, kuma ba na ganin wannan a matsayin gazawar Hausa. Sai dai mu bi ta gida-gida.

Asalinta Latin ne. A can, forma na nufin siffa ko zubi, har da mazubin da ake zuba abu don ya ɗauki kama, formare kuwa shi ne a siffanta abu. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 15. Guntun da ke wutsiyarta yana nuna mai aikata abu, don haka ma'anarta ta farko ita ce "abin da ke ba wani abu siffa". Danginta ma sun daɗe a bakinmu: fom ɗin da ake cikewa a ofis da yunifom ɗin ɗalibanki duk 'yan gida ɗaya ne da ita. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci sun san formation a matsayin horo. Har cuku ma, wanda Faransawa ke kira fromage, daga nan ya samo suna, saboda a mazubi ake daskarar da shi.

Idan Bature ya ce "formative years", yana nufin shekarun da halin mutum bai gama kama jikinsa ba, lokacin da duk abin da ya taɓa shi zai bar sawu. Yawanci ƙuruciya ce, amma ana faɗa wa ƙasa ko ƙungiya a farkon kafuwarta. Mai fassara zai yi saurin cewa "shekarun tarbiyya", kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Sai dai tarbiyya, wadda muka aro daga Larabci daga tushen da ke nufin ƙaruwa da girma, aiki ne na ganganci, kuma na alheri. Kalmar Turancin ba ta da wannan sharaɗi. Maraici, yunwa, ko zama da miyagun abokai duk suna iya zama "formative", alhali babu Bahaushen da zai kira su tarbiyya.

Inda Hausa ta fi kama ma'anar shi ne a karin magana. Kowa ya san "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi". Ni kuwa wadda ta fi kwanta mini ita ce "tun ran gini, ran zane". Duk wanda ya tsaya ya kalli adon bangon tsofaffin gidajen Zariya ko Damagaram ya san yawancinsa tun yaɓe na da danshi magini ya fitar da shi da hannu. Haka mai ginin tukunya, sai ta yi zanenta kafin yumɓu ya bushe, balle a kai ga gashi. Bambancin karin maganar biyu shi ne, tanƙwara icce akwai tilas a ciki, ana juya abu daga inda ya nufa. Zane kuwa ba da kama ne ga abin da bai riga ya samu tasa ba, kuma wannan shi ne ainihin forma ta Latin. Ki lura kuma da yadda Bahaushe ya sake ɗauko zane a "hali zanen dutse". Wancan zanen na ɗanyen yaɓe ne, wannan kuwa ya riga ya zauna.

Sai batun da aka kawo muku a bita. Wani masani ɗan Ostareliya mai suna Michael Scriven ne ya raba "formative" da "summative" a 1967, yana magana kan auna manhajar karatu, daga baya Benjamin Bloom na Amurka ya kawo rabon cikin aji. Na farko awo ne da ake yi ana tsakar koyarwa don a gyara, na biyu hukunci ne bayan an gama. Akwai misalin da ake jingina wa wani masanin ilimi, Robert Stake: in mai girki ta ɗanɗana miya, na farko ke nan, in baƙi suka ɗanɗana, na biyu. Mai girki na iya ƙara gishiri, baƙo kuwa sai dai ya yaba ko ya kushe.

A nan ne nake da ƙorafi. Malamai da yawa sun ɗauka gwajin tsakiyar zango da ake tara makinsa shi ke nan. In kika yi gwaji, kika rubuta maki a rajista, kika wuce darasi na gaba ba tare da kin koma kan abin da yara suka kasa ba, ƙaramar jarrabawa kawai kika yi. Tambaya ɗaya da kika jefa a tsakiyar darasi, ta sa kika sake bayani, ta fi cancantar sunan.

Masana harshe ma suna amfani da kalmar ga guntun da ake gina kalma da shi, kamar ma- a "maƙeri" ko ba- a "Bakano".

Ga abin da zan ba ki shawara. A maganar yara ki ce "shekarun ginin hali", ko "tun yaro na ɗanye". A maganar aji ki ce "awon gyara", "summative" kuma "jarrabawar ƙarshe". "Shekarun ginin hali" da "awon gyara" ƙirata ce, ba na ƙamus ba, don haka ki gwada su a kan abokan aikinki, in sun gane ba sai kin yi sharhi ba, ki riƙe su.