Za mu buɗe reshe a Zoo Road, ya za mu haɗa kwamfutocin ofis?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Muna da shago a Kantin Kwari, yanzu za mu buɗe reshe a Zoo Road, ɗaki uku ne da falo. Za a sa kwamfuta 6, firinta ɗaya, kyamarar tsaro 4, kuma ina so in riƙa duba lissafin reshen daga Kwari. Wani yaro ya ce in sayi ɗan ƙaramin waifai na aljihu kowa ya hau, ya isa kuwa?

AMSA: Wa alaikumussalam Alhaji, Allah ya sa albarka a wannan reshe. Gaskiya bai isa ba, wancan na aljihun an yi shi ne don matafiyi da mutum ɗaya ko biyu, in ka ɗora masa ofis guda zai yi ta zafi yana yankewa, kyamarori kuwa ba ma za su zauna a kansa ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne duk abin da ba ya motsi a ja masa waya. Kwamfutocin tebur, firinta, kyamarori, duk kebul, waifai a bar wa wayoyin hannu da laftof. Kebul ɗin intanet da ake kira Cat6 za ka saya, kuma kada ko ɗaya ya wuce mita 100 daga suwic, wato akwatin da duk kebul ɗin ke haɗuwa a cikinsa, zuwa na'ura, wannan ƙa'ida ce. Nan ne ake cutar mutane, akwai mai araha da cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, a ido ba ka bambancewa, in ka je Beirut Road ka ce a kankare maka bakin waya ɗaya da reza, in fari ya fito a ciki ka bar musu kayansu, musamman tunda kyamarorinka ta cikin kebul ɗin za su sha wuta, mai alminiyam ba ya jure wannan. Kuma don Allah a ja wayoyin tun kafin a gama fenti da silin, a cikin bututu saboda ɓera, kowane tebur a ba shi bakin sa kebul biyu ko da ɗaya ake buƙata yau, fasa bango daga baya ya fi kebul ɗin tsada.

Suwic ka sayi mai baki 16, wanda ake ce wa PoE, shi ne mai tura wuta ta kebul. Lissafa da kanka, 6 da 1 da 4, ga na'urar watsa waifai ɗaya a silin ɗin falo, ga igiyar da za ta tafi rauta, na'urar da ke kawo intanet ofis, ka riga ka ci 13. Rauta kuma ka sayi na ofis na kamfanin TP-Link ko MikroTik, mai karɓar layi biyu, ka sa MTN da Airtel ko wanda ya fi ƙarfi a wajen, kafin ka saya ka je ofishin da wayarka ka gwada da rana tsaka lokacin da kowa ke kan layi. Starlink ma, intanet na tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya tun 2023 in aljihu zai ɗauka.

Sai wuta, kuma mu a Kano ita ce rabin aikin. Rauta da suwic da na'urar naɗar kyamara ba sa cin wuta sosai, ka ware musu ɗan inbata da batir ko UPS, don duk sanda aka ɗauke wuta kafin a tada janareta ba sai komai ya mutu ya sake tashi ba. Ka sa musu abin kariya daga wutar da ke zuwa da ƙarfi. A ajiye su cikin akwati a bango inda iska ke ratsawa, ba ƙarƙashin tebur ba, zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu.

Maganar duba lissafi daga Kwari, VPN za a haɗa tsakanin rautocin biyu, wato hanyar sirri ta cikin intanet, MikroTik yana da irinta da ake kira WireGuard a ciki. Ka ce wa mai haɗawar kada lambobin adireshin na'urori (IP) na wuraren biyu su yi karo, in Kwari na kan 192.168.1 to reshe ya zama 192.168.2, firinta a ba ta lamba tsayayya.

TAMBAYA: To kwastoma in sun nemi waifai fa?

AMSA: Ka ba su, amma a buɗe musu na baƙi daban wanda ba ya ganin kwamfutar lissafi, a rage masa gudu kada ya shanye data. Kalmar sirrin rauta da ta kyamarori da suka zo da ita daga kamfani a canza ta a ranar, ka sa mai haɗawar ya rubuta maka su duka a takarda tare da zanen inda kowace waya ta tafi kafin ka cika masa kuɗinsa, kuma duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki a sake canzawa.