Tambaya da Amsa: Me Ke Haɗa Kamfanonin Fasahar Halittu Alhali Gasa Suke Yi?

TAMBAYA: Na ga kamfanonin da ke sarrafa ƙwayoyin halitta don haɗa magani sukan yi matattara a wuri ɗaya, kamar Boston da San Francisco, har su riƙa aiki tare. To ai abokan gasa ne. Me ke haɗa su? — Wani mai karatu

AMSA: Malam, buƙata ce ke haɗa su. Sabon magani yakan ci shekara 10 zuwa 15 kafin ya isa kasuwa, kuma cikin goma da aka fara gwadawa a jikin mutane, kusan ɗaya ne ke samun amincewar hukuma. Ƙaramin kamfani yana da ilimi da takardar mallakar fasaha, amma ba shi da kuɗin gwajin mataki na uku, wanda ke buƙatar ɗaruruwa ko dubban marasa lafiya. Ba shi da masana'anta, ba shi da gogaggun da suka saba mu'amala da FDA, hukumar Amurka mai amincewa da magunguna. Babban kamfani yana da waɗannan duka, sai dai takardar mallaka shekara 20 take yi daga ranar da aka nema, don haka kullum yana farautar sabon magani.

Haka aka faro. An kafa kamfanin Genentech a 1976, a 1978 ya samar da insulin ɗin ɗan Adam, maganin ciwon sukari, ta hanyar ƙwayoyin bakteriya, ya ba babban kamfanin magani Eli Lilly lasisi, a 1982 maganin ya samu amincewa da sunan Humulin. Amma ka lura: Genentech na Kalifoniya, Lilly na Indiana. BioNTech ma na Mainz a Jamus, Pfizer na New York, suka haɗa rigakafin korona a 2020. Babbar yarjejeniya ba ta jiran maƙwabtaka.

Amfanin maƙwabtaka a mutane yake. Yadda ake riƙon ƙwayoyin halitta a kwalba kada su mutu ko su gurɓace, ba duka ake rubutawa ba, a hannun ma'aikaci yake, kuma da shi yake tafiya idan ya sauya wurin aiki. A San Diego ta jihar Kalifoniya, bayan Lilly ya sayi kamfanin Hybritech a 1986, tsofaffin ma'aikatan Hybritech sun watsu sun kafa kamfanoni da dama, kuma sun san juna tun da. Dokar Kalifoniya ta taimaka, domin kotunanta ba sa tilasta sharaɗin hana ma'aikaci komawa wurin abokin gasa. Sai kayan aiki: a LabCentral da aka buɗe a 2013 a unguwar Kendall Square ta yankin Boston, kusa da jami'ar MIT, ƙananan kamfanoni suna hayar teburin gwaji, suna tarayya a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili da na'urorin da ba za su iya saye su kaɗai ba.

TAMBAYA: Gwamnati za ta iya ƙirƙirar irin wannan matattara? — Wata ɗaliba

AMSA: Za ta iya share fage, Malama. Dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'in Amurka ikon mallakar binciken da gwamnati ta biya, su ba kamfanoni lasisi. Jamus ta yi gasar BioRegio a 1995, inda ta sa yankuna su haɗa jami'a da kamfanoni da masu zuba jari kafin su nemi tallafi. Gini kaɗai kam ba ya kawo kowa.

TAMBAYA: Me ke rusa irin wannan haɗin gwiwa? — Wani ɗan kasuwa

AMSA: Galibi abin da aka bari ba a rubuta ba. Tsarin da aka saba shi ne a fara da yarjejeniyar riƙe sirri, sai ta musayar samfuri idan za a aika ƙwayoyi ko sinadari, sannan lasisi. Kuɗin lasisi kashi uku ne: na goshi da ake biya nan take, na kowane zango da maganin ya haye, da kaso daga cinikin kasuwa. Manyan alƙaluman da jaridu ke bugawa jimillar duka ne, mafi yawansu kuwa ba za a taɓa biya ba idan gwaji ya faɗi.

Rigima ta farko a kan mallaka take tashi. Kowa ya zo da fasaharsa, to sabuwar da aka gano tare ta wa ce? Idan ba a fayyace ba tun kafin a buɗe kwalba, sai kotu. Ta biyu ta fi ciwo: babban kamfani ya sauya shugaba ko alƙibla, ya jingine maganin, bai ci gaba ba kuma bai sake shi ba. Maganin wannan shi ne a sa wa'adi a takarda: idan ba a fara gwaji kaza zuwa lokaci kaza ba, haƙƙi ya koma ga mai shi, haɗe da duk bayanan gwaji. A kuma rubuta abin da zai faru idan abokin gasa ya saye ɗaya daga cikinsu.

Akwai kuma matsalar masana'anta. Ƙwayoyin da suka yi kyau a tukunyar lita biyu sukan sauya hali a tankin lita 2,000, saboda iska da motsi da zafi ba sa rarrabuwa daidai. Shi ya sa ake tura ma'aikatan da suka ƙirƙiro hanyar su tsaya a masana'antar har a fitar da rukunin farko, maimakon a aika takardu kawai.