Amsa: Me ya sa haske ba ya mutuwa a cikin wayar fayiba?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda haske ke ratsa teku a cikin zaren gilashi bai dushe ba. Ai yana dushewa, sai dai a hankali ƙwarai.

A 1966 masanin kimiyya Charles Kao ya nuna cewa dattin da ke cikin gilashin ne ke shanye hasken, musamman ɓurɓushin ƙarfe. Wannan aikin ne ya kai shi ga lambar Nobel a 2009. Kamfanin Corning ya tace gilashin a 1970, amma a lokacin bayan kilomita ɗaya kusan kashi 1 cikin 100 na hasken ne ke saura. Zaren yau kuwa, mai kauri kamar gashin kai, sai an yi wajen kilomita 15 kafin rabin hasken leza (na'urar da ke harba siririn haske mai ƙarfi cikin zaren) ya ɓace.

Sauran aikin na na'urar ƙara ƙarfi ne. Ana saka guntun zare da aka cakuɗa da sinadarin erbiyum, a haska shi da wata leza, shi kuma ya ƙara wa saƙon da hasken ke ɗauke da shi ƙarfi ba tare da an mayar da shi lantarki ba. A ganina wannan dabara ta 1987 ita ta fi komai sauƙaƙa intanet, don launukan haske da yawa take ɗagawa a tashi guda.

Yanzu masu bincike sun koma kan zare mai rami a tsakiya, inda hasken ke bi ta cikin iska maimakon gilashi. Haske na gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin gilashi, a iska kuwa kusan 300,000. Jami'ar Southampton ta Ingila na kan gaba a nan, har Microsoft ya sayi Lumenisity, kamfanin da ya fito daga jami'ar, a 2022.