Farautar tsuntsun da gwamnati ta yi kiwo ta saki: in je ko in ba da haƙuri?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata huɗu ke nan a jihar Fensilbaniya ta Amurka, kuma wani abokin aikina ya matsa mini in raka shi farautar wani tsuntsu da suke kira fezan a ƙarshen watan Oktoba. Na riga na yi darasin koyon farauta na karɓi lasisi, sai daga baya na ji cewa tsuntsayen ba na daji ba ne, hukuma ce ke kiwonsu a gona, ta ɗauko su a mota ta zuba a filayen gwamnati. Raina bai kwanta ba, domin na taso ina ganin mahaifina yana yini yana bin fakara kafin ya samu guda biyu. Shin wannan farauta ce, ko kuwa harbin kajin gida ne? Na kuma ji ana cewa filayen kan cika har a harbi juna. In je ko in ba shi haƙuri?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tambayoyinka biyu ne, amma tushensu ɗaya, wato halin tsuntsun da ya tashi a keji. Abin da ya sa harbinsa ke damun zuciyarka shi ne kuma abin da ya sa filin da aka zuba shi yake da haɗari, don haka bari mu fara da tsuntsun kansa.

Fezan dangin fakara ne da kaza da ɗawisu, kuma zakaransa yana da doguwar wutsiya da jan fuska da farin zobe a wuya. Asalinsa na Asiya ne. A farkon shekarun 1880 ne Owen Denny, ƙaramin jakadan Amurka a Shanghai, ya aika da su jihar Oregon, inda suka hayayyafa, daga nan aka riƙa baza su a sauran jihohi har Dakota ta Kudu ta ɗauke shi a matsayin tsuntsun jiharta. A jiharku ma ya taɓa zama ruwan dare, domin a shekarar 1971 maharba sun kashe kimanin miliyan 1.3. Daga baya noma ya sauya. Aka koma yankan ciyawar dabbobi da wuri, daidai lokacin da uwa take kwance kan ƙwai, aka share shingayen da ke tsakanin gonaki, maganin ciyawa ya cinye maɓoya, gidaje suka hau kan gonaki. Na daji suka kusa ƙarewa. Abin da hukumar kula da farauta ta jihar ke yi a yau shi ne ta yi kiwon tsuntsaye kimanin 200,000 a shekara a gonakinta biyu, ta sake su galibi a filayen farautar jiha, waɗanda faɗinsu ya kai eka miliyan ɗaya da rabi, kuma tun 2017 sai ka sayi izini na musamman na fezan a kan lasisinka.

Idan ka ɗauki ɗaya daga cikinsu a hannu za ka gane tarihinsa. Sau da yawa wutsiyar ta tsinke saboda gogar raga, kuma idan ka duba hancinsa za ka iya ganin ramin ya buɗe fiye da kima, domin masu kiwo da yawa kan maƙala musu wata 'yar roba mai kama da tabarau a kan baki don kada su tsattsage juna a cunkoso. Wannan tsuntsu ya san mutum a matsayin mai kawo abinci. Bai san shaho ba, bai san mujiya ba, bai san yanyawa ba. Zakaran daji da ya sha gwagwarmaya yana jin an rufe ƙofar mota zai sunkuya ya yi ta gudu a ƙasa cikin ciyawa, ya tashi can nesa da kai, amma wanda aka sauke jiya kana iya samunsa yana kiwo a bakin hanya yana kallonka, idan kuma ya tashi sai ya tashi da nauyi, ƙasa-ƙasa, daidai kan mutum. Mafi yawansu ba sa ganin ƙarshen hunturu, wanda bindiga ta bari namun daji da yunwa su ɗauke shi. Wannan ne ya sa ƙungiyar kare fezan ta Pheasants Forever, wadda aka kafa a Minnesota a 1982, ta dage cewa sakin tsuntsun keji ba ya dawo da na daji, gyaran muhalli ne ke dawo da shi.

A kan ko farauta ce ko ba farauta ba, maharban Amurka suna da nasu ma'auni. Ƙungiyar maharba ta Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt (wanda daga baya ya zama shugaban Amurka) da abokansa suka kafa a 1887, ita ta yaɗa ƙa'idar bin dabba bisa adalci, ma'ana dabbar ta kasance sake take, kuma tana da hanyar tsira ta gaskiya, maharbi bai samu wani rinjaye na rashin daidai a kanta ba. A ganina fezan da aka saki a buɗaɗɗen fili yana tsaka-tsaki ne. Babu shinge a kewaye da shi, fikafikansa lafiya lau, kuma bayan 'yan kwanaki ana korarsa yakan koyi gudu da ɓuya har ya wahalar da kare. Amma a sa'ar farko bayan an buɗe akwatin, hanyar tsirarsa suna ce kawai. Akwai mutanen da suka san ranar zuba tsuntsaye, su yi ta bin motar hukuma a baya kamar masu rakiyar amarya, ma'aikata na juya baya su hau harbi. Akwai kuma masu harbin tsuntsu yana tsaye a ƙasa. Su kansu maharban can suna ƙyamar waɗannan ɗabi'u biyu, ko a inda doka ba ta hana ba. Mu kuma muna da labarin Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, da ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya shaida musu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya la'anci wanda ya mai da abu mai rai abin gwada saiti. Ba na cewa fezan da aka saki daidai yake da ɗaurarren tsuntsu, tun da shi a sake yake kuma nama ake nema, amma wanda ya tsaya a gindin mota ya harbe abin da bai ko gama miƙe ƙafa ba ya matsa kusa da waɗancan samari fiye da yadda ya matsa kusa da mahaifinka.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Ma'aikacin da ba shi da gona, ba shi da kuɗin zuwa Dakota ko biyan kulob mai zaman kansa, wannan fili ne kaɗai inda zai horar da karensa ya koya wa ɗansa riƙon bindiga. Kuɗin lasisi da harajin kashi 11 cikin ɗari da ke kan dogayen bindigogi da harsasai, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware domin wannan aiki, su ne ke riƙe da babban ɓangare na aikin kula da namun daji a jihohi, don haka hukuma ba ta son maharba su watse. Masu suka kuma suna cewa kuɗin da ake narkarwa kan tsuntsun da zai mutu cikin 'yan makonni ya fi dacewa da dasa ciyawa da sayen fili. Ga kuma cuta, wadda cunkoson keji ke gayyata: a watan Maris na 2023 murar tsuntsaye ta shiga gonar Reynolds ta jihar New York, kusa da Ithaca, sai da aka kashe fezan kimanin 6,600. Hukuncina shi ne tsarin nishaɗi ne da samar da nama, kuma babu laifi a kira shi da sunansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi masa rawani a ce kare muhalli ne.

Batun haɗari kuwa gaskiya ka ji, kuma shi ya fi cancantar ka tsaya a kansa. Tsuntsun daji a warwatse yake, don haka masu nemansa ma su warwatsu. Na keji kuwa a wurare ƙalilan ake zuba shi, inda mota ke iya shiga, kuma hukuma kan sanar da filayen da lokacin, saboda haka kowa ya nufi wuri ɗaya. Na taɓa tsayawa a irin wannan fili da safiyar buɗe farauta: motoci sun cika wurin ajiya har sun bi gefen titi, mutane sun jeru a bakin ciyawa kowa na duba agogo, karnuka na ta kuka suna jan igiya. Lokaci na cika aka afka, tsuntsu guda ya tashi tsakanin ƙungiyoyi biyu da ba su san juna ba, bindiga huɗu ko biyar suka tashi a kansa, sai na ji ƙwayoyin harsashi suna sauka kan hulata da ciyawar da ke gefena kamar yayyafin ƙanƙara. Waɗannan da suka faɗo daga sama ƙarfinsu ya ƙare, sai dai su samu ido. Wanda ake tsoro shi ne harbin da ya zo a miƙe.

Bindigar tsuntsu ba harsashi guda take fitarwa ba, ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi ne da ke bazuwa, kuma girman da ake amfani da shi wa fezan yana iya tafiya fiye da yadi 200 kafin ya faɗi, alhali shi tsuntsun ana harbinsa ne a yadi talatin zuwa arba'in. Haɗarin da ya fi yawa a farautar tsuntsu shi ne maharbi ya kafa ido kan abin da ya tashi, ya yi ta juyawa da bakin bindiga yana bin sa har ya ratsa inda mutum yake bai sani ba. Haka ta faru a Texas a watan Fabrairun 2006, lokacin da mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney ya juya zai harbi salwa ya samu abokin farautarsa Harry Whittington, dattijo mai shekara 78, a fuska da wuya da ƙirji. Wannan a gonar wani ne, mutane kaɗan, kowa ya san kowa. Ka auna filin da baƙi talatin ke ciki, tsuntsun kuma yana tashi daidai tsayin kafaɗa.

A darasin da ka yi an koya maka cewa idan kuna tafiya a jere kowa yana da rabonsa na harbi, kusurwa mai digiri 45 da ke gabansa, kuma ba ya ƙetare ta ko da tsuntsun ya ƙetare. A filin da aka zuba fezan sai ka ƙara wata ƙa'ida da tsofaffin maharba ke maimaitawa: kada ka taɓa kunama sai ka ga sararin sama a ƙarƙashin tsuntsun. Idan bayansa ciyawa ce ko kurmi ko tudu, ka bar shi ya tafi, domin ba ka san wa ke ciki ba, kuma karen da ya tashe shi sau da yawa yana tsalle a bayansa. Ka lura cewa wannan ƙa'ida guda ita ce ta hana ka harbin na ƙasa da mai rarrafe, ta bai wa tsuntsun damar tashi sosai. Dokar jiharku ta wajabta sanya inci murabba'i 250 na tufa mai launin ruwan lemo mai haske a kai da ƙirji da baya, yadda za a gan ka ta kowane gefe, ta hana harbi cikin yadi 150 daga gidan da mutane ke ciki ba da izinin masu shi ba, ta kuma ƙayyade tsuntsu biyu a rana. Sai dai filin na jama'a ne, kuma mai yawo da karensa ko mai ɗaukar hoton tsuntsaye yana iya ɓullowa cikin baƙar riga. Ka sa tabarau mai kare ido. Idan kuma kai da wani baƙo kuka harbi tsuntsu ɗaya ya ce nasa ne, ka bar masa, gardama tsakanin mutum biyu masu riƙe da bindiga ba ta kai darajar kaza ba.

Shawarata ita ce ka je, amma bisa sharaɗi. Ka tsallake safiyar buɗewa da safiyar da ta biyo bayan zuba tsuntsaye, ka zaɓi ranar aiki, kwana biyu ko uku bayan an sake su, ka kuma yi nisa da wurin ajiye motoci, domin yawancin mutane ba sa son tafiya, tsuntsayen da suka tsira kuma can suke komawa cikin kurmi da bakin rafi. Jihar Wisconsin ma da wannan tunani take rufe farautar fezan da wuri a wasu filayenta a ranakun aiki, don a saki tsuntsaye babu bindiga a kansu. Kafin ku sa harsashi, ka tambayi abokinka kai tsaye wa zai tsaya ina, wa ke da tsuntsun da ya tashi hagu, kuma ko yana harbin na ƙasa. Idan ya yi dariya ya ce tsuntsu ai tsuntsu ne, to nan ne za ka ba shi haƙuri.

Ka tafi da wuƙa mai kaifi a aljihu. Fezan yana da taurin rai, sau da yawa kare zai kawo maka shi da sauran numfashi, kuma al'adar maharban can ita ce su murɗe wuyansa, don haka ka gaya wa abokinka tun a mota cewa naka kai za ka yanka. Ka yi bisimilla kafin harbi, sauran bayanin hukuncin wanda ya mutu kafin ka isa ka nemi malami ya warware maka. Game da harsashi, Amurka ta hana ƙwayar dalma a farautar agwagin ruwa tun 1991, Kalifoniya kuma ta hana ta a kowace irin farauta tun 2019. A filin da ake ɓarin wuta kowane mako dalmar tana taruwa a ƙasa tsuntsaye su tsince ta, kuma tana farfashewa cikin nama, saboda haka idan bindigarka na ɗaukar ƙwayar ƙarfe ka saye ta, musamman in akwai yara ko mai juna biyu a gidan da za a ci. Ko da wacce ka yi harbi, ka bi ramukan da ke jikin naman da tsinin wuƙa ka ciro ƙwayoyin da gashin da suka tura ciki kafin a ɗora tukunya, domin ta ƙarfe tana fasa haƙori.