Ƙwai a Baka da Dutsen Mai Haƙuri

Tambaya: Malam, Hausawa suna cewa "ƙwai a baka ya fi kaza a akurki", sannan kuma su ce "mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa". Ashe wannan ba tufka da warwara ba ce? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗalibi, ka yi tambaya mai ma'ana. "Baka" siga ce ta "baki" da ake amfani da ita wajen nuna wuri, kamar yadda "kai" yake komawa "ka" a cikin "ya ɗora a ka". Akurki kuwa shi ne ɗan ɗakin da kaji suke kwana. Ma'anar karin maganar ita ce ƙaramin abin da ya riga ya shigo hannu ya fi babban da ake jira.

Masana sun daɗe suna auna wannan hali da lissafi. A 1937 Paul Samuelson, masanin tattalin arziki na Amurka, ya tsara lissafin da ke ɗauka cewa darajar abin da ake jira tana raguwa da kaso iri ɗaya a kowane wata ko shekara. Amma da Richard Thaler, shi ma masanin tattalin arziki, ya tambayi mutane a 1981 nawa za su karɓa nan gaba a madadin dala 15 ta yau, matsakaicin amsarsu ya kasance dala 20 bayan wata ɗaya, dala 50 bayan shekara ɗaya, dala 100 bayan shekara 10. Wato jinkirin farko shi ne yake zaftare daraja da sauri, daga baya kuma raguwar sai ta lafa. James Mazur, masanin halayya wanda ya yi gwajinsa da tantabaru, ya ba wannan tsari lissafinsa a 1987: a ninka tsawon jinkiri da wata lamba da ake kira k, a ƙara ɗaya, sannan a raba yawan ladan da abin da aka samu. Gwargwadon girman k ɗin mutum, gwargwadon ƙosawarsa.

A nan ne amsarka take. Mutumin da zai zaɓi naira 1,000 yau a kan naira 1,100 gobe, shi ne kuma zai zaɓi 1,100 bayan kwana 31 a kan 1,000 bayan kwana 30, alhali tazarar kwana ɗaya ce a duka biyun. Idan lada yana nesa zuciya takan bi mai dafa dutse, idan ya matso kusa sai ta koma wa ƙwai. Kowace karin magana ta kama hali na gaskiya a lokacinsa.

Sai dai a ganina karin maganar ƙwai ta ƙunshi abin da lambar k kan ɓoye, wato rashin tabbas, domin kazar da ke akurki muzuru na iya ɗauke ta, cuta ma na iya kashe ta kafin a yanka. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Rochester ta Amurka, aka wallafa a 2013, ya nuna haka: an ba yara alewa ɗaya, aka ce za a ƙara musu ta biyu idan suka jira ba su ci ba; yaran da aka fara saɓa musu wani alkawari sun jira alewa ta biyu kimanin minti 3 kawai, waɗanda aka cika musu kuwa sun kai minti 12. Saboda haka ba na yarda a yi gaggawar kiran manomin da ya sayar da hatsinsa da kaka marar haƙuri, kafin a san bashin da ke kansa da halin rumbunsa.