Binciken da aka janye, labarinsa na nan yana yawo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Wata uwa ta ƙi yarda a yi wa ɗanta riga-kafin ƙyanda, ta nuna mini tsohon labarin jarida a wayarta wai allurar tana jawo galahanga (autism). In ƙarya ne, me ya sa jaridun ba su fito sun faɗa ba? — Malama H., Zariya

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malama. Sun faɗa, sai dai a makare, kuma da ƙaramar murya.

Tushen maganar wata takarda ce da mujallar likitoci The Lancet ta buga a 1998, ta likita Andrew Wakefield da abokan aikinsa, a kan yara 12 kacal. Takardar kanta ba ta ce ta tabbatar da alaƙa tsakanin allurar MMR (riga-kafin ƙyanda, hangum da rubella a haɗe) da galahanga ba. A taron manema labarai a Landan ne Wakefield ya ce gara a daina haɗa alluran uku wuri ɗaya. Jaridun Birtaniya suka yi ta yayatawa shekara da shekaru, har yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya sauko zuwa kusan kashi 80 cikin 100.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne salon "a ji ta bakin kowa": a ajiye mutum ɗaya nan, a ajiye tarin binciken da bai ga wata alaƙa ba can, a ba su fili daidai wa daida. Mai karatu sai ya ɗauka masana sun rabu biyu.

Amma kuma ɗan jarida ne ya tona asirin. Brian Deer na Sunday Times ya bi takardu, ya bayyana a 2004 cewa Wakefield ya karɓi kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin maka masu haɗa allurar a kotu. Sai a 2010 mujallar ta janye takardar, aka kuma soke wa Wakefield lasisin aikin likita. Mu ma mun ga irin wannan jinkirin: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996, sai a 2000 Washington Post ta bankaɗo shi.

In uwar ta dawo, kada ki yi mata faɗa. Buɗe mata shafin The Lancet ta ga takardar da idonta, an buga mata jan tambarin janyewa a kai, sannan ki nuna mata shekarar da aka buga labarin da ke wayarta.